Ciwon a Wuya Yake

Mai Agogo ba ya magana da ƙaninsa, kuma yana so duniya ta san ba ya yi. Akwai masu yin gaba a ɓoye, su haɗiye abarsu kamar ƙwayar magani. Shi tasa gabar sabuwar riga ya ɗauke ta, in ba a gani ba an yi asarar ɗinki. Duk wanda ya zauna a bencin gaban rumfarsa ya miƙa agogo a sa masa batir, kafin a mayar da murfi ya sha labari: uwa ɗaya uba ɗaya suke da yaron, shi ya goya shi, shi ya share masa majina, amma yau ga sakayya. Yaron da ake magana kuwa furfura ta cinye masa rabin gemu, 'ya'yansa sun kere shi tsawo, sai dai a dangi har gobe Auta ake ce masa, don daga shi tsohuwa ta rufe ƙofa.

Asalin rigimar ba gado ba ne, ba mace ba ce, ba wani abin da namiji zai faɗa a gaban alƙali bai sunkuyar da kai ba. Wata rana ce dangi suka taru a falon babbar yayarsu, ana cikin hira wani ya tambayi lokaci. Mai Agogo ya fara jan hannun rigarsa a hankali, yadda ya saba, don a ga abin da ke ɗaure a tsintsiyar hannunsa. Bai gama ja ba Auta ya leƙa wayarsa ya faɗi lokacin, ya kuma ɗora da cewa ai yanzu agogo ado ne kawai, an bar wa masu neman aure da masu jiran fansho. Aka yi dariya. Ba wata dariya mai yawa ba, amma akwai surukai a wurin, kuma ɗaya daga cikinsu har da riƙe ciki. Mai Agogo ya miƙe tsaye ya ce kowa ya shaida, daga ranar ba zai sake buɗe baki ya yi wa yaron nan magana ba sai in shi ya fara, kuma da ban-haƙuri zai fara. Auta, wanda a nono ɗaya suka sha taurin kai, ya ɗaga ido ya dubi fankar sama, ya shaida wa fankar cewa shi ma ya ji ya gani, a zuba a gani.

Aka zuba kuwa. Aure ya zo ya wuce, rasuwa ta zo ta wuce, kowanne ya zauna a kusurwarsa yana gaisawa da kowa ban da ɗan'uwansa. Abin da ya fi ci wa Mai Agogo rai shi ne gaskiya Auta ya faɗa. Da can agogo buɗe shi ake yi, a maƙala gilashi a ido, a bi ƙananan haƙora da hantsaki har a gano wanda ya gaji. Yanzu aikinsa ya koma canza batir da huda maɗauri. Shi ya sa duk abin da ya tsaya a duniya, daga rediyo har zuwa hankalin mutum, batir yake fara zargi.

Yana da babur. Ya saye shi tun bai yi aure ba, saboda haka babur ɗin ya girmi babbar 'yarsa, ya kuma fi ta jin magana. Launinsa na asali ya daɗe da yin sallama, kujerarsa ta ɗauki siffar mai ita, amma kullum da safe sai an goge shi da tsumma kamar fuskar agogo. In ban da tarin tsufa da yake yi lokacin sanyi, bai taɓa ba shi kunya a gaban mutane ba.

Sai hukuma ta haƙe babban titin da ke zuwa kasuwa, wai za a sa magudanar ruwa. Aka tara ƙasa, aka kafa allo, ma'aikatan suka tafi cin abinci ba su dawo ba. Duk mai zuwa kasuwa daga unguwar su Mai Agogo dole ya bi ta layin makanikai, ya miƙe har ƙarshensa, sannan ya karya dama ya haura wani ɗan siririn kankare da aka ɗora a kan kwata. A daidai wannan kwanar, ta hannun hagu, shagon Auta yake. Gyaran wutar babura yake yi, kuma ko maƙiyinsa bai ce bai iya ba. Kullum yana zaune a bakin ƙofa kan wata guntuwar kujera, wayoyi rataye a kafaɗa kamar mai tallan igiya.

Akwai wata hanyar ta bayan makaranta, mai nisa. Matar Mai Agogo ta ce ya riƙa bi ta can ya huta. Ya ce Allah ya kiyaye, sai a ce ya gudu. Titi na gwamnati ne, ba na wani ba ne. Saboda haka kowace safiya yakan shigo layin a miƙe, ƙirji a buɗe, in ya iso kwanar ya kau da kai dama iya ƙarfinsa, kamar an ajiye mushe a hagu, ya haura kankaren ya wuce.

Ranar da abin ya fara, yana tsakiyar kwanar babur ya yi shiru. Bai yi tari ba, bai yi shaƙuwa ba, bai ba da wata sanarwa ba. Kamar an hura fitila. Mai Agogo ya dire ƙafa, ya danna hon, babu. Ya kunna fitila, babu. Ya buga kik har hularsa ta karkace, babur ya yi masa kunnen uwar shegu. Yana jin idon layin gaba ɗaya a ƙeyarsa. Ya sauka ya tura shi ya haura kwatar, ya ɗan yi gaba inda ba a hango shi, ya sake bugawa sau ɗaya. Babur ya tashi garau, har da wani ɗan kukan shagwaɓa.

Batir ne, in ji Mai Agogo. Ya sayi sabo ya sa da hannunsa, ya kankare bakin wayoyin har suna ƙyalli, ya ɗaure tamau. Babur ya yi kwanaki yana wuce kwanar lafiya, har mai shi ya fara ba abokan ciniki labarin yadda ya gano ciwon a kallo ɗaya, ba kamar wasu masu zama da wayoyi a wuya suna cutar jama'a ba. Washegarin wannan labarin babur ya sake mutuwa, a wuri ɗaya, kamar an ja masa layi.

Daga nan aka shiga yawon asibiti. Layin makanikai dai ya haramta, don duk wanda ke wurin da Auta yake shan inuwa ɗaya. Ya fara kai shi wurin wani bakanike a bayan kasuwa wanda ake kira Likita, saboda farar riga da yake sawa, ko da yake farinta sai dai a tarihi. Mai Agogo ya yi masa bayani dalla-dalla cewa in abin ya zo har fitila da hon ɗaukewa suke yi. Likita ya gyaɗa kai irin na wanda ya gane, ya kwance kafireta ya wanke, ya canza fulogi, ya ce mai ne ba ya sauka. Aka bar jaki aka yi ta dukan taiki. Na biyu, wani dogo mai goge hannu a wando, shi aƙidarsa ita ce duk abin da ake iya cirewa a sa sabo, to shi ne mai laifi. Ya canza fiyus. Da aka dawo ya canza kwayil. Da aka sake dawowa ya canza gidan makulli gaba ɗaya, ya ba Mai Agogo sabon makulli mai sheƙi wanda bai dace da babur ɗin ba ko kaɗan, kamar haƙorin zinariya a bakin tsohuwa.

Abin haushin shi ne a gaban makanikai babur ɗin ba ya taɓa nuna hali. Za a jingine shi a kan ƙafarsa, kansa ya langaɓe hagu kamar mai gyangyaɗi, a murɗa makulli, wuta ta kawo tar. A buga, ya tashi. A girgiza shi, a bubbuga tanki, a jijjiga kujera, yana ta kuka abinsa kamar yaron da ya ga allura ya warke. Dogon ya gaji ya ce gaskiya sai dai a kawo shi lokacin da yake a mace. Mai Agogo ya tambaye shi ta yaya, tunda da an tura shi taku kaɗan yake farfaɗowa; ko so yake ya riƙa aiko masa da sanarwar jana'iza? Dogon ya ce to shi dai bai ga komai ba, wataƙila a nemi addu'a.

Ba kullum yake mutuwa ba, kuma wannan ne muguntar. Da kullum ne da mutum ya san matsayinsa. Sai ya bar shi ya wuce yau, ya wuce gobe, zuciya ta fara kwanciya, jibi ya shimfiɗe shi a gaban shagon. Sau ɗaya ya taɓa yi masa haka a ƙofar gida yana juya shi zai fita, amma wannan bai shiga lissafi ba tunda ba wanda ya gani. Sannu a hankali kwanakin lafiyar suka riƙa raguwa, na kunyar suna ƙaruwa.

Maƙwabcin Auta mai faci ne, wani gajere mai bakin da ba ya rufuwa sai in ya sa bututun iska a ciki. Shi ya ɗauki nauyin yi wa layin sharhi. In Mai Agogo ya doso sai ya ce wa na kusa da shi a gyara zama, ga baƙonsu na safe. In babur ya mutu ya ce ikon Allah, ƙarfe ma ya san gidan dangi, ya fi wasu masu jini zumunci. Ba Mai Agogo yake faɗa wa ba, tayar da ke gabansa yake faɗa wa, don haka ba a iya kama shi. Auta kuwa ko murmushi ba ya yi. Sai dai Mai Agogo, da wutsiyar ido, ya lura yaron ya daina sunkuyar da kai, yanzu kallo yake yi. Kuma ba fuskarsa yake kallo ba, gaban babur yake kallo, wajen ƙasan fitila. Mai Agogo ya ji daɗin wannan. Ya ce wa matarsa yaron ya kasa haɗa ido da shi, alhaki ya fara cin sa.

Matar tana ninke wanki ta ce ita dai abin da ta sani, kayan da aka cire daga babur ɗin nan sun cika kwali a bayan ƙofa, saura kaɗan a haɗa wani babur ɗin da su, wataƙila ma shi ya fi tafiya. Ta ce mutum yana da mai gyara a cikin gidansu yana yawon nuna wa bare tsiraicinsa. Ya ce mata abin da babba ya hango, yaro ko ya hau tsani ba zai gani ba. Ta ce to Allah ya sa babban ya hango kafin ya faɗa kwata.

Babbar Yaya ce gidan waya tsakaninsu. Tun da aka fara gabar, duk wani saƙo da ya zama dole, na rashin lafiya ko na taro, ta hannunta yake bi, kuma ba ta taɓa isar da shi yadda aka ba ta ba. Sai ta ɗanɗana, in ta ji bai ji gishiri ba ta ƙara. Ran nan da yamma ta zo gidan tana dafa gwiwa, ta zauna a kujerar da ta fi kowacce laushi, ta sha ruwa, ta yi ƙorafin hawan matakala, sannan ta ce daga wajen Auta take, kuma ya ba ta saƙo.

Daɗi ya kama Mai Agogo. Ya gyara zama irin na wanda za a ba haƙuri, har ya fara shirya yadda zai ɗan ja aji kafin ya karɓa.

"Ya ce ka daina wahalar da kanka wajen mutane," in ji ta. "Ya ce ciwon a wuya yake. In ka daina karya wuya, ka huta."

Ta ƙara da cewa ita ba ta cika goyon bayan Auta ba, amma wannan karon ya yi gaskiya, don girman kai rawanin tsiya ne, kuma tun suna yara ta san wuyan nan nasa ba ya lanƙwasuwa.

Mai Agogo ya maimaita kalmar da ƙarfi har sai da matarsa ta leƙo ta ga ko lafiya. Wuya. Shi za a aiko wa da maganar wuya. Yaron da ya ɗora a wannan wuyan ya kai shi kallon ƙwallo, ya yi masa fitsari a kai bai ce komai ba, yau shi ne wuyansa ya yi kaurin da zai auna na yayansa. Ya ce wa Babbar Yaya ta koma ta gaya masa wuyan da yake zagi shi ya ɗauke shi lokacin da ba shi da ƙafa. Ta ce ba inda za ta koma, gwiwarta ba ta haya ba ce, in yana da amsa ya kai da kansa. Matar ta tambaya a hankali wai wuyan wa Autan yake nufi. Ya ce mata wuyan wa kuwa, akwai wani mai wuya a zancen nan bayan shi?

Kwanakin da suka biyo baya bai yi aikin kirki ba. Yana zaune a rumfa yana ƙera amsoshi, yana gogewa, yana sake ƙerawa. Ya samu wata mai zafi a kan mutanen da ke wasa da wayoyi har ƙwaƙwalwarsu ta haɗu da juna, amma ba wanda zai kai. Ya sa wa wani mutum batir a juye, mutumin ya dawo yana masifa. In ya tsaya gaban madubi zai sa hula sai ya tsinci kansa yana duba wuyansa ta gefe. Wuya ne dai irin na kowa, ya ɗan tara nama ta baya, amma ba abin da za a aiko da saƙo a kai ba.

Safiyar da abin ya faru layin a cike yake, don an rufe wata hanyar ma, motoci da babura duk sun kwararo ta nan. Mai Agogo ya ƙudura a ransa yau ko kallon iskar shagon ba zai yi ba. Ya iso kwanar, ya kau da kai fiye da kullum har yana hango kafaɗarsa, ya karya. Babur ya ɗauke a kan kankaren, tayar gaba a sama, ta baya a ƙasa. Ya kai ƙafa zai dire, ƙafar ta sami iska, da ƙyar ya tsaya da yatsu a bakin kwatar, takalmi ɗaya ya tafi ya bar shi. Na bayansa suka hau danna hon, abin da shi ba shi da shi.

Mai faci ya ajiye guduma, ya juya wajen Auta, ya tambaya da muryar da za ta isa ƙarshen layi wai shin me ke damun dattijon nan ne, kullum a wuri ɗaya. Bai ce wane dattijon ba.

Auta yana fere bakin wata waya, bai ɗago ba. Ya ce, "Wuya. Na faɗa, na aika. Ta ciki ya ruɓe, daga waje ne kawai yake da kyan gani."

Abin da ya faru a cikin Mai Agogo a wannan lokacin bai bi ta ƙwaƙwalwa ba. Ya juyo da dukkan jikinsa, ƙafa ɗaya ba takalmi, ya nuna ƙaninsa da makullin nan mai sheƙi.

"Wuyan wa ya ruɓe, don gidanku?"

Ya manta gidan ɗaya ne. Ya manta da abin da ya fi wannan. Sai da ya ji mai walda na tsallake ya kashe injinsa, ya ga mai faci ya ɗaga hannu biyu sama kamar mai karɓar ruwan sama, sannan ya gane abin da bakinsa ya aikata. Mai faci ya ce jama'a a shaida, shi dai kunnensa biyu, kuma duka sun ji.

Auta ya ajiye wayar. Ya goge hannu a tsumma, yatsa bayan yatsa, ba gaggawa. Ya taso ya zo gaban yayansa ya ɗan rusuna, yadda ƙani na gari yake yi.

"Yaya, ina kwana. An tashi lafiya? Ya iyali, ya kasuwa? Ya muka ji da jama'a?"

Duk gaisuwar da ya tara tun ranar falo sai da ya sauke ta a wurin, ɗaya bayan ɗaya, a gaban layi, kuma kowacce sai da Mai Agogo ya amsa, don wanda ya riga ya jiƙe ba ya gudun yayyafi. Sannan Auta ya karɓi makullin, ya ja babur ɗin gefe ya ba mutane hanya. Ya murɗa makulli, ya ɗora babban yatsa a kan hon ya riƙe. Ya karya kan babur hagu, hon ya ɗauki kuka. Ya dawo da shi tsakiya, yana kuka. Ya karya shi dama har ƙarshe, ya yi tsit. Hagu, kuka. Dama, tsit. Ya yi ta yi fiye da yadda bincike yake bukata, har mai faci ya fara rausaya kai.

"Wuyan babur, Yaya," in ji Auta.

Ya nuna masa wani baƙin ƙunshin wayoyi da ya fito daga gidan makulli ya bi ta gefen wuyan ya shige ƙarƙashin tanki. Ya ce shekara da shekaru duk juyin da kai ya yi, wannan ƙunshin ne ke lanƙwasuwa, har ɗaya daga ciki ta gaji ta karye a cikin rigarta, robar kuwa lafiya lau, ido ba ya gani. In kai yana tsaye ko ya kwanta hagu, bakin karayar na taɓa juna, wuta ta wuce. In aka karya dama sosai, su rabu. Su Likita kuwa a jingine suke duba shi, kai a hagu, wato a daidai inda ciwon yake ɓuya. Ko shekara za su yi ba za su gani ba.

Mai Agogo, tunda magana ta riga ta zube ba ta kwasuwa, ya tambaya a fusace to me ya sa sai a nan, duk kwanonin da ke garin.

Auta ya sosa gemu. Ya ce ai kwanar nan kowa da rabin juyi yake shan ta, har masu ɗaukar buhu. "Kai ne kake kau da kai don kar ka gan ni. Hannu kuwa wuya yake bi."

Mai faci ya zauna a kan taya ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa.

Aka tura babur cikin shago. Auta ya tsaga baƙin salatif ɗin da ya naɗe ƙunshin, ya riƙa jan wayoyin ɗaya-ɗaya. Duk suka tsaya ƙyam, sai wata ja da ta miƙe a hannunsa kamar danƙo. Ya yanka wurin, wani koren gari ya zubo, ragowar jan ƙarfen da ya mutu tun ba a san ranar ba. Mai Agogo yana tsaye a kansa da takalmi ɗaya, ya yi niyyar ba zai ƙara ko kalma ba. Niyyar ta kai har lokacin da Auta ya ɗora dalma a kan haɗin farko. Ya zaro gilashinsa daga aljihu, ya maƙala a ido, ya sunkuya, ya ce wannan liƙi ne ko kashin akuya? Ya ce a ba shi ƙarfen narka dalmar. Auta ya ce wannan ba agogo ba ne. Ya ce shi ya sa ma, da agogo ne da an ɗaure wani. Ya fizge ƙarfen ya fere bakin wayar sabo, ya murɗe silin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga dalma ƙanƙanuwa, sumul, har ba a gane inda aka haɗa.

Auta ya duba ya ce liƙin ya yi kyau, sai dai a banza, don an yi shi a daidai inda wuyan ke lanƙwasuwa, kuma dalma ba ta san lanƙwasa ba, kafin wata ya ƙare za ta sake karyewa. Dole a sa sabuwar waya doguwa, haɗi ɗaya can sama, ɗaya can ƙarƙashin tanki, a bar tsakiyar ta yi ta rawarta. Mai Agogo ya ce me ya hana shi faɗa tun farko. Auta ya ce ai shi ba ya cikin masu fara magana. Aka yanke liƙin mai kyau aka yar. Suka yi sabon aikin tare, ɗaya na riƙe waya ɗaya na ɗiga dalma, suna musu a kan tsawon wayar, da launinta, da wanda ya tsaya wa wani a haske, har mai walda ya leƙo ya ce wa mai faci shi fa shirun da suke yi a da ya fi masa.

Da aka gama Auta ya karya kan babur dama har ya daki tanki, hon na kuka bai fasa ba. Wani ya ciro takalmin daga kwata da sanda, aka ɗauraye. Mai Agogo ya hau, ya buga, ya haura kankaren. Sai da ya kusa kasuwa ya tuna sharaɗinsa biyu ne, yaron ya fara magana, kuma da ban-haƙuri. Ya laluba duk abin da aka faɗa tun safe, daga gaisuwa har musun waya, bai tsinci haƙuri ko na magani ba.

Da yamma ya koma gida da labarinsa a shirye, an goge shi an sa masa mai. Ya tarar labarin ya riga shi, don Babbar Yaya ta bugo, matar mai faci ta aiko, har mai kawo ruwa ya tsaya ya yi barka. Duk da haka ya zauna ya cire hula ya yi wa matarsa bayani cewa mutane ba su fahimci abin ba. Shi bai yi wa yaron magana ba. Tambaya ya yi, kuma duk mai hankali ya san tambaya daban, magana daban. Wanda ya fara magana ta sosai, mai gaisuwa da komai, Auta ne, layi guda shaida ne.

Matar ta ce to, ta gane. Ta ajiye masa abinci. Ta tambaye shi ko zai ɗauke wannan jiƙaƙƙen takalmin daga kan shimfiɗarta. Ta tambaye shi kwalin da ke bayan ƙofa, shi zai fitar ko sai ya haihu. Ta tambaye shi agogon bangon falo da ya tsaya tun bara, a gidan mai gyaran agogo, shi ma wuya ne ko batir. Ta tambaye shi da ya bi ta bayan makaranta tun farko, da wa zai mutu. Ya ɗago daga kwano ya ce wai ba za a bar mutum ya ci abinci ba sai an cika shi da magana.

"Ni, Maigida?" in ji ta. "Ai ban ce komai ba. Tambaya nake."